Tsohon Tarago: Ajiya Ko Gyara?

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Amma zumar da aka bari a buɗe, ƙudaje ne ke cin moriyarta. Haka al'amarin tsofaffin taragun jirgin ƙasa yake, domin ajiye abu daban, kiyaye shi daban.

Tsohuwar hanyar dogo ba ta bi ta Rimin Gado ba, amma babu manomin ƙasar da ba ta taɓa ba. Jirgi ya iso Kano cikin 1911. Turawa sun shimfiɗa hanyar da begen auduga, sai manoma suka duba inda riba take, suka zaɓi gyaɗa. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar ba ta kai tan 2,000 ba a 1910, amma a 1913 ta haura tan 19,000. Jakuna suka riƙa bin hanyar Gwarzo da mangala zuwa birni, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suna saye, ana tara buhuna dala dala, ana loda su a tarago zuwa Ikko. Kuɗin haraji da na aure da na sabuwar riga, da yawansu ta ƙofar taragon nan suka shigo ƙauye.

To, yaya ake kiyaye irin wannan kaya? Akwai hanya biyu, kuma ya kamata a auna su.

Ta farko ita ce a tsai da abu wuri ɗaya a ce jama'a su zo kallo. Akwai wani ƙaramin jirgi da ya riƙa tashi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru saboda kuza, faɗin hanyarsa ƙafa biyu da rabi. An gama shimfiɗa ta a 1914, aka rufe ta a 1957, aka kai wasu kawunan jirgin gidan kayan tarihi na Jos. Wanda ya yi wannan tunani ya cancanci yabo, don da ba haka ba da tuni an sare su an sayar da ƙarfen. Amma fa jirgin da ke tsaye rabin labari yake bayarwa. Mai kallo ya ga sura, bai ji motsi ba.

Ta biyu ita ce aikin gayya. A 1951 wasu mutane a ƙasar Wales ta Birtaniya suka karɓi wata ƙaramar hanyar jirgi mai suna Talyllyn, wadda ta kusa mutuwa, suka riƙa gyaranta ranar hutunsu, ba albashi. Su suka fara, wasu suka bi. Da ƙasar Saliyo ta rufe hanyar jirginta, mai faɗi daidai da ta Zariya zuwa Jos, sai masu irin wannan gayya na hanyar Welshpool suka sayi kan jirgi ɗaya da taragun fasinja huɗu a 1975, suka kai su can, suka ci gaba da ɗaukar mutane da su. A Nijeriya ma akwai ƙungiyar Legacy, wadda aka kafa a 1995. Ita ta gyara Gidan Jaekel da ke unguwar ma'aikatan reluwe a Ebute Metta, ya zama ɗakin kayan tarihin jirgi a 2010.

Lalle hanya ta biyu ta fi, kuma dalilin a fili yake ga duk mai gidan ƙasa. Tarago katako ne bisa gindin ƙarfe. Rufi ke fara yoyo, ruwa ya shiga, katako ya ruɓe, gara ta samu ƙofa, tsatsa ta kama ƙusoshi, hunturu ya zo ya tsattsage abin da ya saura. Maganinsa rumfa, da fenti a kan kari, da giris a ƙafafu, da idon da ke dubawa kullum. Wanda ya ƙi yaɓen soronsa kafin damina ya san sakamakon. Gyaran rana ɗaya da biki ba gyara ba ne.

Duk da haka, masu gayya ma suna da inda za a ja musu kunne. Na ɗaya, ɗoki kan sa mai gyara ya fizge tsohon katako mai sauran ƙarfi ya sa sabo, ya shafe lambar tarago da fenti mai walƙiya. Abin ya yi kyaun gani, amma shaida ta tafi. Kafinta nagari ruɓaɓɓen wuri kaɗai yake cirewa, ya rubuta abin da ya canja.

Na biyu ya fi nauyi, watau zaɓe. Idon mutane kan tafi ga kan jirgi, da gidan shugaba, da taragon manya. A gidan tarihin jirgi na Freetown, abin da aka fi ba da labarinsa shi ne taragon da aka tanadar wa Sarauniya Elizabeth domin ziyararta ta 1961, alhali kuwa ba ta shige shi ba. Taragon kaya da na talakawa, masu bencin katako, su ne suka yi aikin, su ne kuma ake fara mantawa da su. Tarihin da ya ajiye sirdi ya yar da mangala bai faɗi gaskiyar wanda ya ɗauki kaya ba.

Saboda haka, in ƙasar Kano za ta ceci abu ɗaya, taragon gyaɗa ya kamata ya zama na farko. Ba a rasa kafintoci da maƙera da masu walda ba, kuma gayya ba baƙuwa ba ce a Rimin Gado. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ba shi da guduma kuwa yana da alƙalami. Mai karatu da ya yi yaƙi da jahilci ya ci nasara, sai ya zauna gaban dattijon da ya taɓa kora jaki zuwa Kano, ya tambaye shi nawa aka sayi buhu, kwana nawa aka yi a hanya, ya rubuta. Katako yana jiran kafinta, amma dattijo ba ya jiran kowa.