Yaƙin Bauta Ba Muryar Bawa: Sharhi a Kan Littafin The Killer Angels

Gabatarwa

Daga cikin ƙagaggun labaran da aka rubuta a kan Yaƙin Basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, kaɗan ne suka yi tashe kamar The Killer Angels, wato Mala'iku Masu Kisa, na Michael Shaara. An buga shi a 1974, ya ci kyautar Pulitzer a 1975, sannan a 1993 aka mayar da shi fim mai suna Gettysburg. Na karanta littafin sau biyu. A karo na farko ya tafi da ni har na kasa ajiye shi. A karo na biyu ne na fara lura da abubuwan da marubucin ya tsallake. Wannan ɗan sharhi zai duba ɓangarorin nan biyu, domin akwai darasi a ciki ga duk mai son gina labari a kan tarihi.

Zubi da Tsari

Labarin ya ta'allaƙa ne a kan gwabzawar da aka yi a garin Gettysburg na jihar Pennsylvania daga 1 zuwa 3 ga Yuli 1863, tsakanin rundunar Kudu ta Janar Robert E. Lee da ta Arewa ƙarƙashin Janar George Meade. Marubucin ya kasa littafin bisa kwanaki, kowane babi kuma ya shigar da mai karatu cikin zuciyar hafsa guda. Ta haka muka ga John Buford, wanda ya tare sojojin Kudu da mahayansa a rana ta farko domin kada tuddan da ke kudu da garin su kuɓuce. Muka ga Joshua Chamberlain, malamin kwaleji daga jihar Maine, wanda harsasai suka ƙare wa mutanensa a tudun Little Round Top a rana ta biyu, ya umarce su da su gangara wa abokan gaba da wuƙaƙen bakin bindiga.

Inda littafin ya fi armashi shi ne saɓanin Lee da babban na hannun damansa, James Longstreet. Shi Longstreet yana ganin a zagaya a shiga tsakanin rundunar Arewa da birnin Washington, a sami wuri mai kyau a jira su su kawo hari. Lee kuwa ya dage sai an auka musu a inda suke. A rana ta uku aka tura kimanin mutum 12,500 su ratsa buɗaɗɗen fili zuwa bakin igwa, kusan rabinsu ba su dawo lafiya ba. Shaara ya nuna mana Longstreet yana ba da umarnin da ya san halaka ce, saboda biyayya ga shugaban da yake ƙauna. Salon marubucin a nan gajerun jimloli ne, babu ado, kuma ya dace da abin da ake faɗa. Haka ma labarin Lewis Armistead da Winfield Hancock, aminan da yaƙin ya raba suka fuskanci juna a wannan rana, yana sosa zuciya ƙwarai. Ta wannan fuska, yabon gwani ya zama dole.

Ina Aka Juya Akalar Yaƙin?

Matsala ta farko ita ce, wanda bai san tarihin ba zai rufe littafin yana zaton a waɗannan kwanaki 3 aka gama komai. Gaskiya ne mutum wajen 50,000 aka kashe ko aka raunata ko aka kama a Gettysburg, kuma Lee bai sake kutsawa Arewa da dukan rundunarsa ba. To amma ya tsallake Kogin Potomac da sauran mayaƙansa, aka ci gaba da yaƙi har tsawon wata 21, kafin ya miƙa wuya a Appomattox ranar 9 ga Afrilu 1865.

Hasali ma, washegarin gama Gettysburg, wato 4 ga Yuli 1863, garin Vicksburg ya faɗa hannun Janar Ulysses Grant bayan ƙawanya ta kwana 47. Sojojin Kudu kusan 30,000 suka ajiye makamai, ba da jimawa ba Kogin Mississippi gaba ɗaya ya koma hannun Arewa, ƙasar 'yan aware ta rabu biyu. Kafin wannan akwai Antietam, ranar 17 ga Satumba 1862, inda a yini guda aka kashe ko aka raunata ko aka rasa mutum kimanin 23,000. Janyewar Lee daga can ce ta ba Shugaba Abraham Lincoln damar fitar da shelar 'yanta bayi, wadda ta fara aiki 1 ga Janairu 1863, ta kuma sa Ingila ta ƙara ja da baya daga batun amincewa da gwamnatin Kudu. Bayan haka akwai faɗuwar Atlanta a hannun Janar William Sherman a Satumba 1864, a lokacin da Lincoln kansa ya fara fitar da rai da cin zaɓe. Ba laifi ba ne marubuci ya ɗauki fage guda ya tsaya a kansa. Laifin shi ne ya bar mai karatu yana ɗaukar reshe a matsayin bishiya.

Jigo: Ina Bayin?

Matsala ta biyu ta fi nauyi. A 1860 bayi kusan miliyan 4 ne a Amurka, kuma shugabannin Kudu ba su ɓoye dalilinsu na ɓallewa ba. Mataimakin shugabansu, Alexander Stephens, ya faɗa a fili a Maris 1861 cewa bauta ce harsashin sabuwar ƙasarsu. Amma hafsoshin Kudu na Shaara, mutunci da 'yancin jiha da ƙaunar gida ne a bakinsu. Chamberlain ne aka ɗora wa maganar 'yanta bayi, shi da wani tsohon saje ɗan asalin Ailan da marubucin ya ƙirƙiro.

Baƙin mutum guda ne ya sami fage na sosai a littafin, wani bawa da ya gudu aka same shi da rauni. Shi ma marubucin ya zaɓi ya sa ba ya jin Turanci sosai, alhali yawancin bayin wannan zamani a Amurka aka haife su. Saboda haka ba mu ji abin da ke ransa ba. An kawo shi ne kawai domin Chamberlain ya auna zuciyarsa. Ke nan mai ɗaki yana nan zaune, baƙi ne ke ta bayanin inda yake yoyo.

Wani zai ce ai babu rundunar baƙaƙe da ta yi faɗa a Gettysburg. Haka ne. To amma dubban bayi suna cikin ayarin Lee suna dafa abinci suna korar keken doki, kuma sojojinsa sun kama baƙaƙen mutane a Pennsylvania, ciki har da waɗanda ba su taɓa bauta ba, suka kora su Kudu. Littafin da ya shiga zuciyar Lee ya yi shiru a kan wannan. Kuma kafin yaƙin ya ƙare baƙaƙe kimanin 180,000 sun shiga sojan Arewa, cikinsu har da Nicholas Said, haifaffen Kukawa ta Borno, wanda ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts a 1863.

Kammalawa

A taƙaice, The Killer Angels littafi ne mai daɗin karatu a kan yadda manyan hafsoshi ke yanke shawarar da ƙanana za su mutu a kanta, amma ya gaza wajen nuna dalilin mutuwar. A nawa ganin, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, duk da ƙanƙantarsa, ya fi shi ta wannan fuska, domin ya bi uwa da ɗa cikin ƙuncin bauta har hamada, ya bar mu muka ji da kunnenmu. Ga marubutanmu masu sha'awar ɗaukar yaƙe-yaƙen tarihi, su koyi tsari da sarrafa taurari daga Shaara. Sai dai kafin su ajiye alƙalami, su tambayi kansu ko sun bai wa waɗanda aka yi yaƙin a kansu damar yin magana. Allah ya sa mu dace.