Sunan Darakta, Albashin Mai Tarbar Baƙi

Idan ka ji mai tarbar baƙi a ofis ta koma "Daraktar Ganin Farko", kada ka yi saurin yi mata barka. A Amurka, dokar ƙwadago ta 1938 ta wajabta biyan ƙarin kuɗi ga wanda ya wuce awa 40 a mako, amma ban da manajoji. To ka ga dabarar: a liƙa mata sunan darakta, a hana ta kuɗin. Binciken Lauren Cohen na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa a 2023 ya ƙiyasta cewa kamfanoni na kauce wa biyan kusan dala biliyan 4 duk shekara ta haka. Aikinta kuwa yana nan: amsa waya da tarbar baƙi. Kafin ka karɓi sabon suna, tambayi nawa ya ƙaru a albashinka.