Kirari da Waƙar Rap: Tsokaci a kan Harshen Waƙoƙin ZM

An haifi Zara Moussa, wadda aka fi sani da ZM, a birnin Yamai cikin 1980. Tana cikin mata na farko da suka yi suna a waƙar rap a ƙasar Nijar. Kundin waƙoƙinta na farko sunansa Kirari, kuma sunan ya dace. Rap magana ce mai sauri bisa kiɗa, cike da bugun gaba da zambo, kamar yadda ɗan kokawa ke yi wa kansa kirari a fage. Saboda haka wannan salo, ko da yake daga Amurka ya taso, ba baƙo ba ne ga kunnen Bahaushe.

Babban jigonta kuwa shi ne halin da mata ke ciki, musamman auren dole da cin zarafi. A nan ne matsalar harshe ta bayyana. ZM tana waƙa da Faransanci da Zabarmanci da Hausa. Ɗalibin Yamai yana iya bin ukun duka. Amma yarinyar Cadakori ko ta Gazawa, cikin jihar Maradi inda auren wuri ya yawaita, galibi Hausa kaɗai take ji. Ke nan wadda aka yi waƙar dominta ita ce ke samun kaso mafi ƙanƙanta.

Ya kamata masu tsara yaƙi da jahilci su rubuta baitocin Hausar bisa daidaitacciyar ƙa'idar rubutu, su fassara sauran, sannan a shigar da su cikin littattafan karatun manya.