Gatarin Malamin Nemirof: Tarken Shugabanci da Hidima a Wani Gajeren Labarin Peretz

Gabatarwa

Sau uku na karanta gajeren labarin Y. L. Peretz mai suna Oyb Nisht Nokh Hekher, wanda ma'anarsa ta yi kusa da "in ma bai zarce nan ba", kuma kowane karatu ya bar ni da tunani daban. A karon farko na rufe littafin ina yaba wa malamin da ke cikinsa. A na biyu hankalina ya koma kan matar da ya kai wa itace. Sai a na uku na lura da waɗanda ba su taɓa zuwa ƙofar ɗakinta ba, wato jama'ar majami'ar garin. A kan karatu na ukun na gina wannan maƙala. Galibi ana ɗaukar labarin a matsayin yabon shugaban da ke hidima a ɓoye. Ni kuwa ina ganin cikin yabon akwai tuhuma, kuma jama'ar da ta jibga wa mutum guda nauyin kowa ita ake tuhuma.

Marubucin da Zamaninsa

An haifi Yitskhok Leybush Peretz a shekarar 1852 a garin Zamosh na ƙasar Foland, lokacin yankin yana ƙarƙashin daular Rasha, ya kuma rasu a birnin Warso a 1915. Ana lissafa shi cikin mutum uku da suka kafa adabin zamani a Yidish, harshen yau da kullum na Yahudawan gabashin Turai, tare da Mendele Moykher Sforim da Sholem Aleichem. Ya yi aikin lauya har hukumomin Rasha suka ƙwace masa lasisi. A 1890 ya shiga wani zagayen tattara bayanai a ƙananan garuruwan Yahudawa, inda ya ga talaucinsu ido da ido. Daga 1891 ya zama ma'aikaci a ofishin al'ummar Yahudawan Warso, a sashen da ke kula da maƙabarta. Shi ba mabiyin tafarkin Hasid ba ne, wato tafarkin da ya fifita zuciya da bin shehi. Ya fi kusa da masu ra'ayin sauyi, har aka tsare shi a 1899 saboda halartar wani taro da hukuma ta haramta. A 1900 labarin ya fito. Ke nan wanda ya rubuta shi mutum ne da ya san yadda ake tafiyar da hidimar al'umma daga ciki, ya kuma san waɗanda take tsallakewa.

Labarin a Taƙaice

A garin Nemirof, wanda ke ƙasar Yukren a yau, malamin jama'a yakan ɓace da asuba a kwanakin Selihot, wato addu'o'in neman gafara da ake yi gab da sabuwar shekarar Yahudawa. Ba a ganinsa a majami'a, ba a ganinsa a ɗakunan karatu, ba ya kuma gida. Mutanen gari suka yanke cewa sama yake hawa don ya roƙa musu afuwa. Sai ga wani baƙo Balitwake, wato Bayahuden Lituweniya, daga mutanen da aka sani da zurfin karatun Talmud da ƙin yarda da karamomi. Ya yi musu dariya, ya kawo hujjar cewa ko Annabi Musa bai kai sama ba yana raye. Don gani ya kori ji, sai ya ɓuya a ƙarƙashin gadon malamin ya kwana.

Da asuba ya ga malamin ya sa kayan manoman ƙauye, ya ɗauki gatari da igiya ya nufi daji. Ya sare wata 'yar itaciya, ya faskara, ya ɗaure, ya dawo wani lungu inda wata Bayahudiya matalauciya da mijinta ya rasu take kwance ba lafiya. Ya ce mata sunansa Basil, mai sayar da itace. Ta ce ba ta da kuɗi, ya bar mata bashi a kan groshen shida, 'yan aninai ke nan. Ta ce ba ta da ƙarfin tashi kuma ɗanta yana wurin aiki, sai ya hura mata wutar da kansa, yana karanta addu'o'in Selihot kashi-kashi har murhu ya kama. Daga ranar Balitwaken ya zama almajirinsa. Duk lokacin da aka ce malam sama yake hawa, ba ya ƙara dariya, sai dai ya furta kalmomin da suka zama sunan labarin, cikin sanyin murya.

Bashin Groshen Shida

Inda Peretz ya fi nuna gwaninta, a ganina, shi ne cinikin da aka yi a ɗakin matar. Malamin yana iya ajiye itacen a bakin ƙofa ya tafi. Maimakon haka ya sa farashi, ya kira abin bashi, har ya ɗan yi mata faɗa irin na ɗan kasuwa a kan ƙarancin dogaronta ga Ubangijinta. Da wannan dabara matar ta zama mai saye, ba a mayar da ita mai bara ba. Wannan yana da tushe a koyarwar Yahudawa. Musa bin Maimun, masanin da ya rasu a Masar a 1204, ya kasa bayarwa hawa takwas a littafinsa Mishne Tora. Hawan ƙoli shi ne a ƙarfafa mutum da rance ko sana'a don kada ya kai ga roƙo, kuma cikin manyan hawan akwai wanda mai karɓa bai san mai bayarwa ba. Malamin Nemirof ya ari siffar rancen, ya haɗa ta da ɓoye suna. Kayan manoman da ya sa rufin asirin matar ne kafin su zama nasa.

Haka kuma marubucin bai raba addu'a da aiki ba, saɓanin masu cewa labarin ya fifita taimako a kan ibada. An raba addu'ar gida uku daidai da matakan hura wuta: zuba itace, kamawar wuta, rufe murhu. Malamin bai bar ibadarsa ba, ɗauko ta ya yi ya kawo ta gaban murhun.

Waɗanda Ba Su Zo Ba

A nan ne tambayata ta taso. Garuruwan Yahudawa irin Nemirof sun shahara da ƙungiyoyin sa-kai da ke kewaye da majami'a. Akwai Bikur Holim, masu duba marasa lafiya. Akwai Gemilut Hasadim, masu ba da rance ba ruwa. Akwai Hebra Kadisha, masu wanke mamaci da binne shi, aikin da ake ganin girmansa don wanda aka yi wa ba zai iya sakawa ba. Akwai kuma gabbai, mutumin gari da ke kula da tsarin ibada da tara taimako. Addu'ar jam'i kanta ba ta tsayuwa sai da mutum goma. Tsarin gaba ɗaya ya ginu a kan cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To ina waɗannan duka suke, har mace mara lafiya ta kwana a ɗaki mai sanyi cikin tsummokara? Peretz, wanda a ofishin irin wannan hidima yake cin abinci, ba zai manta da su bisa kuskure ba. Abin da ya nuna mana game da jama'ar shi ne muryoyinsu da ke fitowa daga wuraren addu'a yayin da malamin ke raɓewa ta inuwar gidaje. Suna can suna roƙon gafara, lungun matar kuwa yana cikin garinsu. Imaninsu da hawan malam sama ya yi musu daɗi domin bai ɗora musu komai ba. Wanda ya ce shugabansa yana sama ya huta, tun da ba wanda zai ce ya bi shi can. Da sun san daji yake zuwa, da sai kowa ya tuna yana da gatari a gida.

Akwai hujja daga asalin labarin. A adabin bakan Hasidawa ana jingina irin wannan ƙissa ga Malam Moshe Leib na Sasob, wanda ya rasu a 1807, kuma a can mai leƙen asirin ɗan tafarkin ne da ke neman koyi. Peretz ya sauya shi da baƙo mai shakka. Wannan sauyi ba ado ba ne. A Nemirof ɗin Peretz, cikin dukan masu ƙaunar malamin ba a sami wanda ya damu ya bi sawunsa ba, sai wanda ya zo da niyyar ƙaryata shi.

Inda Labarin Ya Gaza

Duk da haka ba zan wanke marubucin tas ba. Na farko, matar ba ta da suna, alhali har sunan bogi na malamin an ba mu. Da wutar ta kama, sai labarin ya juya mata baya ya bi Balitwaken. Ta zama tsanin da wasu maza biyu suka taka suka hau. Na biyu, kwanakin Selihot kaɗan ne, a farkon kaka suke faɗowa, hunturun Yukren kuma yana gaba. Labarin bai damu da wanda zai kawo itace a watan Janairu ba. Na uku, kuma mafi nauyi, shi ne ƙarshen. Balitwaken ya rufe bakinsa, wanda hakan ya dace, domin tona asirin malamin tona asirin matar ne. Amma ba a nuna mana ya ɗauki igiya ba. Ya sauya ra'ayi, ya zama mabiyi, yawan masu yabo ya ƙaru da mutum ɗaya, yawan masu faskare bai ƙaru ba.

Mai kare Peretz zai ce gajeren labari ba kundin tsarin ƙungiya ba ne, kuma giɓin da na lissafa shi ne ƙayar da aka bar wa mai karatu da gangan. Na yarda da rabin wannan magana. Sai dai daɗin jimlar ƙarshe ya yi yawa har yakan rufe ƙayar, shi ya sa yawancin masu karatu, har da ni a karon farko, muke fita da sha'awar malamin ba tare da jin kunyar zama 'yan Nemirof ba.

Kammalawa

Labarin ya bar mana matsala da duk wata jama'a mai dogaro da aikin sa-kai take fuskanta. Hidimar da aka ɓoye tana kare mutuncin mai karɓa, amma ba ta koyar da kowa, kuma takan mutu tare da mai yinta. Wadda aka bayyana tana jawo masu koyi, amma tana iya tozarta wanda aka taimaka. Peretz ya nemi mafita ta hanyar mai leƙe guda ɗaya, sannan ya sa mu a bayansa, muka ga abin da ya gani. Mutanen Nemirof suna da uzurin rashin sani. Ni da na karanta sau uku ba ni da shi, kuma wannan ne dalilin da ya sa, duk da giɓinsa, nake ɗaukar labarin cikin mafi ƙarfin abin da aka rubuta a kan shugabanci.