Shirin Ambaliya Da Ya Manta Da Akuyar Gida

Duk sanda damina ta gabato, za ka ga ana yaɗa shawarwari a Facebook da WhatsApp kan yadda za a tanadi dabbobin gida kafin bala'i: a sayi abincin gwangwani, a samu kejin ɗaukar kyanwa, a dasa wa kare ƙwayar na'ura a ƙarƙashin fata don a gano shi in ya ɓata. Niyyar mai kyau ce, amma duk wanda ya san Gumel, Maigatari, Gagarawa ko Sule Tankarkar ya san ba da mu ake ba.

Asalin shawarwarin daga Amurka ne. A 2005, lokacin guguwar Katrina, mutane da yawa a New Orleans sun ƙi barin gidajensu saboda an hana su tafiya da karnuka da kyanwoyinsu. Shi ya sa a 2006 ƙasar ta kafa dokar da ta wajabta sanya dabbobin gida cikin tsarin kwashe jama'a. Darasin shi ne mutum ba ya yarda ya bar dabbarsa a baya. Wannan darasi muka bari, muka kwaso jerin kayan kanti.

A nan wajenmu, dabbar gida ita ce akuyar da ke turke, da tunkiya, da kaji da zabi, da jakin ɗebo ruwa, sai kare mai gadi. Yawancinsu kuma na mata ne. Akuya ce asusun uwar gida: ita ce kuɗin magani, ita ce kayan ɗakin 'ya. Amma duba rahotannin ɓarna bayan ambaliyar Jigawa ta 2022 ko ta 2024: an fi lissafa rayuka, gidaje da gonaki, kuma tallafin da aka saba gani shi ne hatsi, tabarmi, barguna da kwanon rufi. Da wuya ka ji buhun dusa ko allurar rigakafi. Alhali tun 2009 akwai ƙa'idojin duniya na agajin dabbobi a lokacin bala'i, waɗanda ake kira LEGS, kuma sun yi maganar abinci, ruwa, mafaka da lafiyar dabba.

Masarautar Gumel ba a bakin kogin Haɗeja take ba. Haɗarinmu shi ne ruwan sama mai ƙarfi, musamman a Agusta, ya cika kududdufi, ya jiƙa gindin katangar laka har ta rushe. To ina ake kafa turke da akurki? Jikin wannan katangar. Dabbar da ke ɗaure kuwa ba ta da hanyar gudu.

Bayan ruwa ya janye ne ma babbar asarar ke zuwa. Tsayuwa cikin taɓo na ruɓar da kofato. Dusar da ta jiƙe ta yi fumfuna na iya ɗaukar gubar da ke lalata hanta. Cunkusa dabbobin gidaje daban-daban a wuri guda na buɗe ƙofa ga cutar PPR ta awaki da tumaki, mai zuwa da majina da zawo. Ƙwayar cutar saifa na iya rayuwa shekaru da dama cikin ƙasa, ruwa ya tono ta. Don haka dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, kar a feɗe ta, a kira malamin dabbobi. Sauro ma ba a bar shi a baya ba: a 2016 zazzaɓin Rift Valley ya ɓulla a jihar Tawa ta Nijar, ya kashe dabbobi da mutane. Ga kasuwar Maigatari na karɓar dabbobi daga Nijar duk Alhamis, cuta kuma ba ta san iyaka ba.

Me ya kamata shawarar ta ƙunsa? A yi rigakafin PPR tun kafin ruwa ya sauka, don allura na ɗaukar makonni kafin ta fara kariya, sannan kariyarta kan kai shekara uku. A yi wa kaji na Newcastle, a yi wa kare na cutar hauka. A matsar da turke daga jikin katanga zuwa tudu, a yi ɗaurin da yaro ma zai iya kwancewa da dare. A ɗora harawa da dusa a sama, a rufe. A yi wa kowace dabba shaida. Mai unguwa kuma ya san filin da za a kai dabbobi tun kafin ranar.

Hukumar NiMet kan fitar da hasashen damina tun farkon shekara, ke nan akwai isasshen lokaci. Abin da ya rage shi ne hukumar agajin gaggawa ta jiha da sassan noma na ƙananan hukumomin nan huɗu su zauna da likitocin dabbobi, su kuma ji ta bakin mata masu kiwo. In an ceci iyali an bar akuyarsu ta mutu, da me za su tashi bayan damina?