Zaɓen sabon inji ga motar tudu da ruwa: ƙarfin doki ba shi ne ma'auni ba

A Kanada da arewacin Amurka akwai wata ƙaramar mota mai taya shida ko takwas, wadda gangar jikinta ta roba take kamar kwarya, ba ta shan ruwa, har ta iya gangarawa daga tudu ta faɗa tafki ta yi iyo da tayoyinta. Mafarauta da masunta da ma'aikatan gandun daji ne suka fi amfani da ita. Kamfanin Ontario Drive and Gear ya fara ƙera samfurin Argo a 1967, kamfanin Recreatives Industries na birnin Buffalo ya biyo da samfurin Max a 1969, kuma a waɗannan shekaru an yi wasu irin su Attex da Amphicat da Hustler waɗanda masu ƙera su suka daɗe da dainawa. Da yake gangar jikin ta fi injin tsawon rai, dubban masu motocin sun wayi gari da jiki lafiyayye da mataccen inji, sai sauya inji ya zama wata sana'a mai zaman kanta. Abin da ya zama yayi a cikin wannan sana'a shi ne neman inji mafi yawan ƙarfin doki a farashi mafi sauƙi, kuma wannan yayi kuskure ne da ya kamata a yi magana a kansa.

Tushen matsalar yana cikin bambancin tsohon inji da sabo. Da yawa daga motocin farko sun zo da inji mai bugu biyu, irin su JLO na Jamus, wato injin da ke kammala aikinsa a hawa da saukar fistin sau ɗaya, wanda ake gauraya masa baƙin mai a cikin fetur kamar ƙaramin janareta. Irin wannan inji ba shi da nauyi, kuma yakan juya wajen sau 6,000 a minti. Injin da ake maye gurbinsa da shi a yau mai bugu huɗu ne, kamar Vanguard na Briggs & Stratton, ko Kohler, ko Predator mai cc 670 da ƙarfin doki 22 wanda shagunan Harbor Freight ke sayarwa da araha, kuma galibinsu an ƙayyade juyawarsu a sau 3,600 a minti. Lissafin a bayyane yake: idan ba a taɓa giya da sarƙoƙi ba, motar da a da take kai kilomita 50 a awa za ta tsaya a wajen 30, ko da kuwa adadin dokin da aka rubuta a jikin sabon injin ya kai na tsohon. Komawa ga mai bugu huɗu shawara ce mai kyau, domin ya fi tattalin mai, ba ya hayaƙi, kuma yana ba da ƙarfin murɗawa tun yana juyawa a hankali, wanda shi ne abin da ake buƙata wajen fita daga taɓo. Amma wanda ya saya bai san ya sayar da gudu ya sayi ƙarfin ja ba, zai yi ta zargin injin a kan laifin da ba nasa ba.

Tsakanin inji da giya akwai kuloci mai bel, wato faya-fayai biyu masu tsukewa da buɗewa waɗanda ke sauya giya da kansu gwargwadon juyawar inji. A nan ne mafi yawan masu gyara ke yin tuntuɓe. Kulocin tsohon inji an daidaita shi ne domin ya kama bel sai juyawa ta yi nisa, saboda haka idan aka ɗora shi a kan inji mai bugu huɗu, sai injin ya kusa ƙure kukansa kafin motar ta motsa, bel ɗin ya yi ta zamewa yana ƙauri har ya ƙone. Ban da haka, sandar tsohon injin tana tsukewa zuwa baki, ta sabon kuwa miƙaƙƙiya ce mai tsagar makulli, don haka ko shiga ma ba za su yi da juna ba. Duk wanda ya yi kasafin sauya inji bai sa kuɗin sabon kuloci da bel da farantin zama a ciki ba, bai gama lissafi ba tukuna, kuma sau da yawa waɗannan ƙananan kaya su ne ke cinye rarar da aka yi murnar samu a farashi. Araha dai ba ta ado.

Abin da aka fi mantawa da shi, alhali shi ya fi muhimmanci, shi ne cewa wannan mota kwalekwale ce kafin ta zama mota. Kowane kilo ɗaya da aka ƙara mata yana tilasta ta ture ƙarin lita ɗaya ta ruwa, wato ta ƙara nutsewa, kuma tazarar da ke tsakanin fuskar ruwa da bakin gangar jikin dama ba ta da yawa. Wurin da nauyin ya zauna ma yana da tasiri, domin injin Argo a gaba yake, na Max kuma a baya, saboda haka inji mai nauyi zai sa ɗaya ta dulmiya hanci lokacin gangarawa cikin ruwa, ɗayar kuma ta zauna da baya lokacin haurawa gaɓa, waɗanda su ne lokuta biyu da ruwa ya fi samun hanyar kwararowa ciki. Sannan ƙarin dokin ba ya saya wa mai shi komai a kan ruwa, tunda zanen taya ne ke aikin filafili, kuma gudun yakan tsaya a wajen kilomita 5 a awa. Idan aka ƙara wuta, tayoyin sai su yi ta watsa ruwa kawai. Mai son sauri a tafki, ƙaramin injin kwalekwale da ake ratayawa a baya ya fi masa amfani.

Zafi shi ne na biyu a haɗari. Injin da iska ke sanyaya shi an ƙera shi ne domin ya zauna a sarari, amma a nan an rufe shi a cikin kwaryar roba, inda zai riƙa shaƙar iskar da shi kansa ya ɗumama in ba a yi masa hanyar shigar sanyi da ta fitar zafi ba. Salansar da ta matsa kusa da bango tana iya narkar da robar, kuma tururin fetur, da yake ya fi iska nauyi, yakan kwanta a ƙasan kwaryar yana jiran tartsatsi. Kamfanin da ke ƙera Argo kuwa ya sa injin Kawasaki mai lagireto, wanda ruwa ke sanyaya shi, a samfurin Conquest, ko da yake ruwan sanyaya da lagireton su ma nauyi ne da sai an lissafa.

Masu goyon bayan babban inji suna da hujja, domin motar tana juyawa ne ta hanyar riƙe tayoyin gefe ɗaya a bar na ɗayan su ja, abin da ke cin ƙarfi sosai, musamman idan an ɗaura mata sarƙar roba ta tafiya a dusar ƙanƙara ko an cika ta da kaya. A irin wannan hali ƙarin doki kaɗan yana da ma'ana. Sai dai ƙarfin ba ya tsayawa a inji, yana bi ta bel zuwa giya, ya bi ta sarƙoƙi zuwa sandunan tayoyi, kuma duk abin da ya wuce kima zai nemi mafi rauni a cikinsu ya karya, yawanci a wurin da babu hanya balle makanike.

Saboda haka tsarin da ya dace shi ne a auna nauyin tsohon inji da wurin zamansa, a duba kaurin sanda da irin kulocin da zai hau ta, a tsara hanyar iska da ta salansa, a tabbatar za a sami kayan gyaran injin nan da shekara goma, kafin a waiwayi adadin doki. Idan aka gama haɗawa, gwajin farko ya kasance a ruwa mara zurfi kusa da gaɓa, da irin kayan da aka saba ɗauka, a tsaya a duba inda ruwan ya kai a jikin motar gaba da baya.