Manyan baƙi ko manyan baki?

Aikina tsara takarda ne: katin ɗaurin aure, katin suna, kalandar walima, wani lokaci allon shago. Duk wanda ke wannan sana'a a Matameye ya san wata ƴar matsala da ba a cika zancenta ba. Ka zaɓi salon haruffa mai kyau, wanda a Faransanci ake kira police (ba ruwansa da ƴan sanda), ka rubuta “manyan baƙi”, sai ka ga inda ƙ ya kamata ya tsaya wani ɗan akwati ne fanko, ko kuwa harafin ya fito da wata siffa dabam kamar an aro shi daga gidan maƙwabta. Me za ka yi? Mai kati na tsaye a kanka, biki jibi ne. Sai ka cire ƙugiyar. Katin ya fita da “manyan baki”, a raba wa alhazai da malamai, ba wanda ya ce uffan.

A ganina wannan ba sakacin mai tsarawa ba ne, kuma ba jahilcin mai karatu ba. Kayan aikin ne aka ƙera ba da mu a zuciya ba.

Wanda ya ba ni bakin faɗin haka shi ne Don Norman, Ba'amurke, a littafinsa The Design of Everyday Things da ya fara fitowa a 1988. Na karanta shi a waya, a hankali, da ƙamus a gefe. Misalinsa da ya fi shahara ƙofa ce: ƙofar da aka sa wa mariƙi irin na ja alhali turawa ake yi. Mutum ya ja, ta ƙi, ya ji kunya kamar shi ne wawa. Norman yana ganin laifin na maƙerin ƙofar ne, domin siffar abu ita ya kamata ta gaya wa hannu abin da zai yi. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Inda littafin ya gaza mini shi ne, mutumin da yake karewa mutum ne da aka riga aka ƙirga cikin masu saye. Ƙofar ta ba shi wahala, amma dai don shi aka yi ta. Tamu matsalar ta riga wannan.

Ba wai haruffan sababbi ba ne. Tun shekarun 1930 aka fara buga Hausa da ɓ, ɗ, ƙ a Zariya, kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939 ta yaɗa su. A nan Nijar muna da na huɗu, ƴ, inda ƴan'uwanmu na Najeriya ke sa waƙafi a gaban y, kuma a 1999 gwamnati ta tsaida ƙa'idar rubutun da shi a ciki. Unicode, wato babban kundin da ya ba kowane harafi na duniya lambarsa a cikin kwamfuta, yana ɗauke da duka huɗun tun farkon shekarun 1990. Lambar tana nan. Abin da babu shi ne zanen: wanda ya zana salon haruffa mai ado yakan tsaya a haruffan harsunan Turai, ya tafi abinsa. Shi ya sa za ka buɗe Canva ko PixelLab ka ga salo bila adadin, amma waɗanda za su rubuta maka “ɗaurin aure” daidai ba su da yawa, kuma babu wani maɓalli da zai tace maka su. Sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya, mega na ƙonewa.

Kilabiye ma haka. Ordinatocin da ke wuraren fotokofi na garin nan AZERTY ne, tsarin Faransa. Windows na da kilabiyen Hausa, amma a kan QWERTY aka ɗora shi, don Najeriya. Ka juya zuwa gare shi don ka samu ƙ, sai ka danna a ta ba ka q. Sakatariyar da ta shekara goma hannunta na gudu a kan AZERTY ba za ta yarda ta koma ƴar koyo saboda haruffa huɗu ba, kuma ban ga laifinta ba. A waya da ɗan sauƙi: Gboard na da Hausa, ƙugiyoyin suna ciki. Amma sai ka san da haka, ka shiga saiti, ka nemo harsuna, ka ƙara da kanka. Cikin abokaina na lise, da yawa sai da na karɓi wayarsu na yi musu.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne na SMS. Saƙo guda yana ɗaukar harafi 160 idan ka tsaya cikin haruffan da tsarin GSM ya sani, kuma é da à na Faransanci suna cikinsu. Ka sa ƙ guda ɗaya tak, wayar ta juya saƙon gaba ɗaya zuwa wani tsari mai ɗaukar 70 kawai. Saƙon da zai tafi a ɗaya ya zama biyu ko uku, kiredinka ya biya. Ka ga ke nan shekara da shekaru wanda ya rubuta Hausa daidai tara ake cinsa, ba tare da ya sani ba. To don me za mu yi mamaki da tsararmu ta tashi tana rubuta “kasa” a wurin ƙasa?

Na san amsar da za ku ba ni, don na sha jin ta a taronmu: ai kowa na ganewa. Gaskiya ne, Bahaushe da ya girma cikin harshen yana cike gurbin da kansa, kamar yadda muke gane tsawon wasali da karin sauti ba tare da an rubuta su ba. Amma ƙanenka da ke koyon karatu a aji biyu ba shi da wannan dabarar tukuna, haka ɗan Zabarma ko Barebari da ke koyon Hausa daga takarda. Kuma akwai inda jimla ba ta ceton ka. Bari da ɓari. Kafa da ƙafa. “Allah ya kare ku” da “Allah ya ƙare ku”: addu'a ce da tsinuwa, ƙugiya ɗaya ke tsakaninsu. Wasu kuma sun ce a bar wahala, a yi bokal a WhatsApp. Bokal abu ne mai kyau ƙwarai, shi ne ma ya ba iyayenmu da ba su shiga lakwal ba damar amfani da waya yadda suke so. Sai dai ba a liƙa bokal a bango, ba a nemo kalma a cikinsa bayan shekara biyar.

Kuma kar a ce ba ya yiwuwa. Dubi Tecno da itel, na kamfanin Transsion da ke Shenzhen a ƙasar Sin. Sun zo sun duba yadda muke rayuwa: layi biyu saboda rezo ɗaya ba ya isa ko'ina, batir mai jure kwanakin da ba kuran, tocila, kyamarar da ke fidda baƙar fata da haske. A Habasha har kilabiyen Amharik suka sa. Abin da ke saida waya sun gan shi sarai. Ƙugiya ba ta hana ciniki, don ba wanda ya taɓa maida waya kanti saboda ita.

A Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar. Ina jiran in ga takardar hukuma ta farko da za ta iso Kance da Hausa, in duba ko sakataren da ya buga ta ya samu ƙ a kilabiyensa.

Kafin nan, ga yadda nake yi. Duk salon da zan ɗauka, sai na fara gwada shi da “Ɓarawo ya ɗauke ƙudin ƴaƴa” a manyan haruffa da ƙanana (ƙ ɗin “ƙudin” na gwaji ne, kar mushe ya kama ni). Wanda ya fidda akwati, na watsar da shi komai kyansa. Noto na Google yana wucewa, haka Charis da Andika na SIL, kuma duka kyauta ne. Ba su da ado irin na katin amarya, sai in sa adon a furanni da launi, in bar haruffa su yi aikinsu. Suna cikin kile ɗina. Wanda zai buga wa ɗan littafin nan rubutu na gaba ya zo ya kwafa.